Huhu a Cikin Ƙanƙara: Tarihin Dashen Huhu da Rabon Kwarin Komadugu a Cikinsa

Cikin manyan gaɓoɓin cikin ɗan Adam, huhu ne ya fi ba likitocin dashe wahala. An dasa ƙoda ta zauna lafiya a Boston a 1954, an dasa hanta da zuciya a 1967, amma sai a 1983 aka samu wanda aka dasa wa huhu zalla ya tashi ya koma gida ya ci gaba da harkokinsa. Wanda bai san zancen ba zai ɗauka ɗinki ne ya gagara. Ɗinki yana cikin matsalar, sai dai akwai wadda ta fi shi. Huhu a buɗe yake ga iskar duniya da ƙurarta da hayaƙinta, kuma aikinsa duka ya rataya ne a kan wani siririn maiƙo da ido ba ya gani, wanda ke fara lalacewa da zarar jini ya daina gudana. Abin da nake son nunawa shi ne, nasarar da aka samu a wannan fanni ta zo ne daga koyon tsare huhu tun kafin wuƙa ta taɓa shi, kuma a jikin jarirai bakwaini aka fara samo wannan ilimi. Don haka tarihin ya shafi garin Diffa da ƙauyukan bakin Komadugu, duk da cewa ba a yin dashen huhu a can.

Mafarkin sauya wa mutum gaɓa ya daɗe. Kiristocin Turai suna da labarin waliyyansu biyu, Kosmas da Damiyan, waɗanda aka ce sun zo wa wani mai hidimar coci cikin barci, suka cire masa ruɓaɓɓiyar ƙafa suka ɗora masa ta wani Bahabashe da ya rasu. Wannan hikaya ce ta masu wa'azi da masu zane, ba ta da madogara a rubutaccen tarihi. Abin da ke rubuce game da huhu kuwa ya fara ne da kuskure mai tsawon rai. Jalinus, likitan zamanin Rumawa, ya koyar cewa jini yana ratsawa daga dama zuwa hagun zuciya ta wasu ƙofofi da ba a gani, huhu kuma yana sanyaya zafin zuciya. Fiye da shekara dubu ana karanta haka. Ibn al-Nafis, mutumin Sham da ya yi aikin likita a Alƙahira, shi ya ƙaryata wannan a sharhin da ya yi wa Ƙanun na Ibn Sina wajen 1242. Ya ce bangon tsakiyar zuciya ba shi da ƙofa, dole jini ya bi ta huhu ya haɗu da iska sannan ya dawo. A 1661 Marcello Malpighi na Italiya ya duba huhun kwaɗo da madubin ƙara girma, ya ga ashe tarin 'yan jakunkunan iska ne da siraran jijiyoyin jini suka nannaɗe.

A huhun babban mutum akwai irin waɗannan jakunkuna tsakanin miliyan 300 zuwa 500, bangon da ya raba iska da jini kuwa a wurare da yawa bai kai kashi ɗaya cikin dubu na milimita ba. Cikinsu a jiƙe yake kullum, nan kuma gizo ke saƙa. Fuskar ruwa tana da ɗauri, tana jan kanta ciki. Duk wanda ya taɓa fama da buɗe jiƙaƙƙiyar leda ya san yadda ɓangarorinta ke manne wa juna. Tun farkon ƙarni na 19 Laplace na Faransa ya lissafa cewa gwargwadon ƙanƙantar kumfa, gwargwadon ƙarfin da ke neman murƙushe ta. Bisa wannan lissafi, da jakunkunan nan sun liƙe duk sanda mutum ya fitar da numfashi. A 1929 Kurt von Neergaard, wani likita a Suwizalan, ya gwada abin: ya hura huhun alade da iska ya auna, sannan ya zuƙe iskar ya cika shi da ruwan ƙaro, sai ya ga buɗe shi da ruwa ya fi sauƙi nesa ba kusa ba. Ke nan mafi yawan ƙarfin da ke tsuke huhu daga fuskar ruwan nan yake fitowa. Har ya hango cewa wannan yana da alaƙa da numfashin farko na jariri. Ba wanda ya bi sawunsa, aikin ya kwanta kusan shekara 25.

Abin takaici, binciken makamai masu guba ne ya farfaɗo da shi. Richard Pattle, a cibiyar Porton Down ta Ingila, yana neman abin da zai fasa kumfar da ke cika huhun wanda ya shaƙi iskar yaƙi, sai ya lura kumfar huhu ba ta fashewa kamar sauran kumfa, tana iya ɗaukar sa'a guda ko fiye. A 1955 ya bayyana cewa dole akwai wani abu da ya shafe ta. A 1957 John Clements, a cibiyar sojan Amurka ta Edgewood, ya ƙera ma'auni ya nuna yadda abin ke aiki: idan jaka ta tsuke, maiƙon yana curewa ya rage ɗaurin ruwa har ya kusa ɓacewa, jakar ta tsaya a buɗe. Wannan shi ne safaktan. Kusan kashi 90 cikin ɗari nasa kitse ne, sauran furotin, kuma wasu ƙwayoyin halitta na musamman a bangon jakar ne ke sarrafa shi su kuma sake tattara wanda ya tsufa. Wadda ta kai zancen gadon asibiti ita ce Mary Ellen Avery, likitar yara a Harvard. A 1959 ita da Jere Mead suka auna huhun jariran da suka mutu da ciwon numfashin bakwaini, suka tarar babu wannan maiƙo. Tayi ba ya tara isasshensa sai a makonnin ƙarshe na ciki. Wanda ya riga lokacinsa fitowa, kowane numfashi sabon buɗe huhu ne, har ya gaji.

Shekarar 1963 ta haɗa labarin dashe da na maiƙon cikin wata biyu. Ranar 11 ga Yuni, James Hardy na jami'ar Mississippi ya yi dashen huhu na farko a jikin mutum, bayan gwaje-gwajen da Vladimir Demikhov ya fara a kan karnuka a Mosko tun 1947 da na Henri Metras a Marseille a 1950. Majinyacin, John Russell, fursuna ne mai shekara 58 da ke da ciwon dajin huhu, kuma har yau akwai abin tambaya a kan yardar mutumin da ke tsare. Huhun ya yi aiki, Russell ya yi kwana 18, ƙodarsa ce ta gaza. Ranar 7 ga Agusta aka haifi Patrick, ɗan shugaban Amurka John Kennedy, saura mako biyar da 'yan kwanaki lokacinsa ya cika. Ya rasu ranar 9 ga watan a asibitin yara na Boston, da ainihin ciwon da Avery ta bayyana. Ƙasar da ta iya sauya wa mutum huhu ta kasa riƙe wa ɗan shugabanta nasa a buɗe, kuma mutuwar ta sa hankali da kuɗin bincike suka karkata ga jarirai.

Shekara ashirin da suka biyo baya na baƙin ciki ne ga masu dashe. An yi gwaji kusan 40 a duniya, kusan duka majinyatan sun mutu cikin kwanaki ko makonni. Wanda ya fi daɗewa shi ne saurayin da Fritz Derom ya yi wa aiki a Ghent ta Beljiyam a 1968, ya yi wata goma, mafi yawansu a asibiti. Abu uku ke kashe su: garkuwar jiki ta ƙi baƙon huhu, mahaɗar bututun iska ta warware, ko huhun ya cika da ruwa tun daga ranar farko. Na farko ya samu sauƙi da maganin saikulosforin, wanda kamfanin Sandoz ya samo daga wani naman gwari na cikin ƙasa. Da shi Bruce Reitz ya dasa wa Mary Gohlke zuciya da huhu tare a Stanford a watan Maris na 1981. Na biyu Joel Cooper na Toronto ne ya bi shi a ɗakin gwaji, ya gano yawan maganin sitiroyid da ake bayarwa ne ke hana ɗinkin warkewa, ya kuma koyi naɗe mahaɗar da shimfiɗar kitsen da ke rufe hanji don ta samu jini. Ranar 7 ga Nuwamba 1983 ya dasa wa Tom Hall huhu ɗaya, Hall ya rayu fiye da shekara shida. A 1986 tawagar ta dasa biyu a jikin mutum ɗaya.

Na ukun ya rage, kuma shi ne tushen maganata. A farkon lamari ana kawo mai ba da huhun har asibitin da za a yi aikin, saboda ba a amince huhu zai jure tafiya ba. Da aka fara ɗauko shi daga nesa, sai aka ari ruwan wanke ƙoda, wanda Geoffrey Collins ya haɗa a 1969 aka kuma gyara shi a Turai da sunan Euro-Collins. Ruwa ne mai yawan gishirin fotasiyam, an shirya shi ya yi kama da ruwan cikin ƙwayar halitta don kada ta kumbura a sanyi. Ƙoda ta karɓe shi. A huhu kuwa fotasiyam yana sa jijiyoyi su tsuke, ruwan ya kasa ratsa ko'ina daidai, wani sashe ya yi sanyi wani ya zauna da ɗumi da guntun jini. A ƙarshen shekarun 1980 Shigefumi Fujimura a Japan da Shaf Keshavjee a Toronto suka nuna ruwa mai ƙarancin fotasiyam, da aka saka wa sinadarin dekstaran don hana jini curewa da ruwa tsiyaya, ya fi dacewa. Shi ne ake sayarwa da sunan Perfadex. Aka kuma gane wata baiwa da huhu kaɗai ke da ita: idan aka ɗaure bututunsa yana ɗauke da iska, to ya tafi da guzurin oksijin ɗinsa, ƙwayoyinsa su ci gaba da ɗan aiki a cikin ƙanƙara, shi ya sa aka ƙara wa ruwan sukari. Hurawar kuma da ƙa'ida. Idan ta yi yawa bango ya tsage, idan ta yi kaɗan jakunkuna su liƙe maiƙon ya watse. Da duk wannan dabara, sa'a shida zuwa takwas ne iyakar da aka saba amincewa da ita a digiri 4.

A shekarun 1990 aka gano abin da ke faruwa da maiƙon a wannan tafiya. Richard Novick da Ruud Veldhuizen a London ta Kanada, da Michiel Erasmus a Groningen ta Holan, sun nuna a jikin dabbobi cewa gwargwadon daɗewar huhu a ajiye, gwargwadon yadda safaktan mai aiki ke rikiɗewa ya koma ƙananan gutsattsari marasa amfani. Babbar ɓarnar ma sai an mayar da jini take aukuwa. Jijiyoyin da suka sha yunwa suna yoyo, furotin na jini ya kwarara cikin jakunkunan iska ya kashe ragowar maiƙon, jakar ta liƙe, injin numfashi ya buɗe ta da ƙarfi ta sake liƙewa, kowace buɗewa da sabon rauni. A 2000 Martin Strüber na Hanoba a Jamus ya nuna sabon ruwan ya fi Euro-Collins kare aikin safaktan. Tun 2005 ƙungiyar masu dashen zuciya da huhu ta duniya ta tsara ma'aunin wannan gazawa ta sa'o'i 72 na farko, kuma har yanzu tana cikin manyan masu kashe majinyata a watan farko. Mai ja da ni zai ce: in maiƙon ne jigo, me ya hana zuba na kwalba a kowane huhu a huta? An gwada, a Hanoba da Isra'ila da wasu wurare, an ga alamun amfani, amma gwaje-gwajen ƙanana ne kuma abin bai zama ƙa'ida ba. Na yarda da wannan. Sai dai dalilinsa yana ƙarfafa hujjata ne. Huhun bakwaini lafiyayye ne da bai nuna ba, in aka ba shi abin da ya rasa sai ya karɓa. Huhun dashe mai rauni ne, ruwan da ya kashe maiƙon farko zai kashe na biyu. Maganin yana wajen hana raunin.

Can kuwa aka nufa. A 2010 Luciana Mascia ta Turin ta nuna cewa sauya yadda ake saita injin numfashi ga mai bayarwa, a rage yawan iskar kowane numfashi a kuma bar ɗan matsi da zai hana jakunkuna liƙewa, ya ninka yawan huhun da aka iya ɗauka, daga kashi 27 zuwa 54 cikin ɗari. Babu sabon magani a ciki, kula ce kawai. Stig Steen na Lund a Suwidin ya riga ya buɗe wata ƙofa a 2000, da ya ɗauki huhun wanda zuciyarsa ta tsaya, ya jona shi da injin da ke zagaya ruwa da iska a wajen jiki, ya tabbatar yana aiki sannan ya dasa. Marcelo Cypel da Keshavjee suka mayar da wannan hanya ta yau da kullum, a 2011 suka ba da rahoton huhu 20 da a da za a yi shakkarsu, aka gwada su sa'a huɗu a ɗumin jiki, aka dasa, suka yi aiki kamar sauran. Abu na baya-bayan nan ya fi su duka sauƙi. Tun 1989 gwajin zomaye ya nuna digiri 10 ya fi digiri 4 alheri ga huhu, amma akwatin ƙanƙara ya fi sauƙin ɗauka, aka yi watsi da sakamakon. Daga 2021 tawagar Toronto ta dawo da shi, ta nuna ana iya ajiye huhu a firji mai digiri 10 ya kwana a yi aikin da safe. Duk da haka kusan ɗaya cikin biyar kawai na huhun masu bayarwa ake amfani da shi, dashen da ake yi a shekara 'yan dubbai ne, kuma rabin waɗanda aka yi wa ba sa wuce shekara shida zuwa bakwai.

Yanzu a aza wannan a kan Diffa. Daga garin zuwa Yamai ya fi kilomita 1,300 a kan hanya mai lamba 1, zuwa babban asibitin Damagaram kusan 470, a ƙasar da zafin bazara ke wuce digiri 40. Sa'a takwas ba ta isa komai a nan. Amma nisa ba shi ne babban shinge ba. Dashe ya riga ya iso yankin: asibitin koyarwa na Malam Aminu Kano ya fara dasa ƙoda a 2002, na jami'ar Maiduguri a 2010, kuma mutanen kwarin sun san ciwon ƙoda, ganin yadda ya addabi Gashuwa da kewayenta a saman kogin Komadugu. Sai dai ƙoda biyu ce, ɗan'uwa mai rai yana ba da ɗaya, ana ɗauko ta daga wannan ɗaki zuwa wancan. Huhu kusan kullum daga mamaci yake fitowa, mamacin da injin ke riƙe wa numfashi, da ma'aikata a kansa dare da rana, da doka da ta fayyace mutuwa, da dangin da suka yarda. Malamai sun tattauna wannan. Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi ta karɓi mutuwar ƙwaƙwalwa a zamanta na Amman a 1986, a Jidda kuma a 1988 ta halatta ɗaukar gaɓa daga mamaci da izininsa ko na magadansa, ta haramta sayarwa. Majalisar Makka ta Rabiɗa a 1987 ta yarda a cire injin, amma ta ce hukuncin mutuwa sai zuciya ta tsaya. Saɓani ne na gaske, kuma a al'ummar da ke gaggauta sutura da girmama gawa, ba a tsallake shi da takardar gwamnati.

To me ya kawo zancen, in ji mai ƙorafi, a yankin da zazzaɓin cizon sauro da tamowa ke ɗauke yara? Amsar tana ɗaya reshen tarihin, wanda ya fi arha ya kuma fi ceton rai. A 1971 George Gregory a San Francisco ya nuna tura iska mai ɗan matsi ba yankewa tana riƙe huhun bakwaini a buɗe, dabarar da Mascia ta mayar wa masu ba da huhu bayan shekara 39. A 1972 Graham Liggins da Ross Howie a Auckland suka nuna allurar sitiroyid ga mace mai naƙudar wuri tana sa huhun tayi ya gaggauta sarrafa maiƙonsa. Liggins ya fara ganin haka ne a jikin tumaki. A 1980 Tetsuro Fujiwara a Akita ta Japan ya zuba safaktan na huhun shanu a maƙogwaron jarirai goma, jikinsu ya amsa cikin ɗan lokaci. A 2020 an haifi bakwaini kimanin miliyan 13.4 a duniya, ciwon huhu kuma ya kashe yara 'yan ƙasa da shekara biyar fiye da dubu 700 a 2019. Huhun ɗan Diffa yana da nasa ƙarin nauyi. Ƙurar hunturu daga kwarin Bodele na Chadi take tasowa, wurin da ya fi ko'ina a duniya fitar da ƙura, kuma gaɓar tafkin Chadi tana kan hanyarta. Ga hayaƙin itace a madafa, ga garin tattasai a wurin masu daka da niƙa. Tun harin da aka kai Bosso da Diffa ranar 6 ga Fabrairu 2015, ɗaruruwan dubban mutane suka bar gidajensu, dokar ta-ɓaci da aka kafa a lokacin ta hana hawa babur, abin hawan da mai naƙuda a ƙauye ta fi dogara da shi.

Kada kuma a ɗauka waɗannan dabaru masu arha suna aiki da kansu. Wani babban gwaji da aka wallafa a 2015, a ƙasashe shida, ciki har da Kenya da Zambiya, ya raba allurar sitiroyid har ƙananan ɗakunan shan magani inda ba a iya tantance watannin ciki daidai, sai mace-macen jarirai ya ɗan ƙaru, saboda an yi wa mata da yawa da cikinsu ya riga ya isa. A 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da sakamakon maimaita gwajin a asibitoci 29 na ƙasashe biyar, har da Najeriya, inda ake ɗaukar hoton ciki kuma akwai oksijin da kulawar jarirai: mutuwa ta sauko daga kashi 23.5 zuwa 19.6 cikin ɗari. A Malawi ma, rahoton 2019 ya nuna na'urar tura iska ta hanci ta ƙara haɗari ga yara masu ciwon huhu a asibitin da babu likita a kansu kullum. Darasin ɗaya ne da na Euro-Collins: abin da ya yi daidai a wani wuri yana cutarwa idan aka ɗauko shi ba tare da sharuɗɗansa ba.

Ƙorafi na ƙarshe ya fi ciwo, wato cewa irin wannan magana tana yanke wa talaka ƙaramin buri, a ce masa ya tsaya a oksijin wasu suna dasa huhu. Ban karɓe shi ba, don jerin tarihin da kansa ya nuna babu wata hanyar. Toronto ba ta kai 1983 ba sai da ta mallaki ɗakin kula da masu jinya mai tsanani, da ɗakin gwajin jini mai aiki da tsakar dare, da ma'aikatan da suka san injin numfashi. Waɗannan su ne abubuwan da bakwaini a cibiyar kula da uwa da yaro ta Diffa yake buƙata yau, kuma su ne za a nema ranar da Kano ko Yamai za su yi tunanin ɗaukar gaɓa daga mamaci. Nijar ta yafe kuɗin jinyar yara 'yan ƙasa da shekara biyar tun 2006, ko da yake jinkirin mayar wa asibitoci kuɗinsu ya sha rage wa tsarin ƙarfi. Injin tace oksijin daga iska yana aiki da wutar hasken rana, wadda yankin Diffa bai rasa ba. Allurar sitiroyid ɗin, wato deksametason, tana cikin magunguna mafi arha. Safaktan yana cikin jerin muhimman magungunan yara na Hukumar Lafiya ta Duniya, ana ajiye shi tsakanin digiri 2 da 8, daidai da firjin allurar rigakafi da ya riga ya kai ƙauyuka, kuma likitocin Kolon a Jamus sun nuna ana iya ba da shi ta siririn bututu jariri yana numfashi da kansa, ba sai an ɗora shi a kan inji ba. Abin da ya rage shi ne tsadar kwalbar, da hannun da ya iya zura wannan bututu a maƙogwaron jaririn da bai kai kilo ɗaya da rabi ba, da albashin da zai riƙe mai wannan hannu a Diffa bayan ya ƙware.